Kwalejin Jami'a ta Ibadan da Ɗalibanta: Ina Rabon 'Yan Sabo?

 

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai leƙa gidan wata maƙwabciyarmu ce, wadda kowa a cikinmu ya san ƙofarta amma ba kowa ya san labarinta ba, wato Jami'ar Ibadan, wadda yara ke ce wa UI. In mutum ya tashi daga Sabo ya hau mota a Mokola ya bi ta Sango, bai yi tafiyar mil biyar ba zai iske kansa a bakin ƙofarta. Amma da yawa daga cikinmu abin da ya haɗa mu da ita bai wuce biyu ba: ko dai kai yara gidan namun daji ranar sallah, inda a da ake tururuwar kallon goggon birin nan da ake kira Haruna, ko kuwa kai majinyaci asibitin koyarwa na UCH. To, wannan makaranta ita ce uwar jami'o'in Nijeriya, kuma a shekaru goma sha huɗu na farkon rayuwarta, daga 1948 zuwa 1962, sunanta Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Labarin waɗannan shekaru muke so mu bayar, domin a cikinsu ne aka raba wani gado wanda har gobe ana cin moriyarsa.

Yadda aka kafa ta

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, makaranta mafi girma a ƙasar nan ita ce Babbar Kwalejin Yaba da ke Ikko, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1930. Ba ta ba da digiri, takardar difloma kawai take bayarwa, wadda kuma ba ta da daraja sai a cikin Nijeriya. Wanda ya fito daga cikinta sai dai ya zama mataimakin likita ko mataimakin injiniya a ƙarƙashin Bature, komai ƙwazonsa. Malam Sa'adu Zungur na Bauchi yana cikin 'yan Arewa na farko da suka taka can.

A 1943, yaƙi na ci, gwamnatin Ingila ta kafa wani kwamiti a ƙarƙashin Walter Elliot don ya duba maganar ilmi mai zurfi a Afirka ta Yamma. Cikin 'yan kwamitin akwai ɗan ƙasa, Rabaran Ransome-Kuti na Abeokuta. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1945, kuma daga cikinsa ne aka tsai da shawarar kafa kwaleji a Ibadan, wadda za ta zama reshen Jami'ar Landan. Sarakunan gari suka ba da fili mai faɗin eka fiye da 2,500, haya ta shekara 999.

Ba a jira an gama gini ba. A watan Janairu na 1948 aka kwaso ɗalibai 104 daga Yaba, uku daga cikinsu mata, aka sauke su a wani tsohon asibitin soja da ke Eleyele, gine-ginen katako da aka yi saboda yaƙi. Shugaban kwalejin na farko shi ne Dakta Kenneth Mellanby, Bature masanin ƙwari. Ran 17 ga Nuwamba na wannan shekara Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Arthur Creech Jones, ya zo ya yi saran farko a sabon filin, shi ya sa har yau jami'ar ke bikin kafuwarta a wannan rana. A 1952 aka koma mazaunin dindindin, wanda Maxwell Fry da matarsa Jane Drew suka zana. Su ne suka yi gine-ginen nan masu bango mai huji-huji don iska ta riƙa ratsawa, tun ba a san na'urar sanyaya ɗaki ba. Asibitin UCH kuwa sai 1957 aka buɗe shi. Kafin nan ɗaliban likitanci a Ibadan suke fara karatu, sa'an nan a tura su Ingila su ƙarasa.

Abin lura shi ne, a waɗannan shekaru kwalejin ba ta da ikon ba da digirin kanta. Tambayoyin jarrabawa sai Landan ta sa hannu, takardun amsa sai malaman Landan sun duba, digiri kuma na Jami'ar Landan ne. Wannan ya sa shiga ke da wuya, fita ma da wuya, amma duk wanda ya fito babu inda za a raina takardarsa a duniya.

Zaman ɗalibai

Wanda ya ga yadda ɗalibai ke cunkushe a ɗakunan kwana a wannan zamani, in aka ba shi labarin wancan lokaci zai ce tatsuniya ce. Turawan sun kwaikwayo tsarin manyan jami'o'insu ne, inda dole kowane ɗalibi ya kwana a cikin makaranta. Ɗalibi ɗaya, ɗaki ɗaya, da gadonsa da teburinsa. Akwai masu shara, akwai masu wanki da guga, akwai kuku da boyi-boyi a zauren cin abinci. Sau uku ake ci a rana, da cokali da wuƙa. A daren babbar liyafa sai kowa ya sa baƙar alkyabbar karatu, malamai su hau teburinsu na musamman a gaba. Yaron da ya tashi yana ɗebo ruwa a rafi kafin ya tafi makaranta, yau ga shi wani dattijo sa'an ubansa na gyara masa gado. Kun ga kuwa dole kai ya ɗan kumbura.

Gidajen kwanan kowanne da sunansa da taƙamarsa. Akwai na Mellanby, akwai na Tedder, wani babban hafsan sojan sama na Ingila wanda ya buɗe sabon mazaunin, akwai na Kuti, akwai na mata mai sunan Sarauniya Elizabeth wadda ta ziyarci Ibadan a 1956. Sa'an nan ga wanda ya fi shafarmu, wato gidan Sultan Bello, wanda aka sa wa sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, kuma tattaɓa-kunnensa, Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, shi ya buɗe shi a 1962.

Ban da karatu, ɗalibai na da ƙungiyoyin muhawara, da na wasan kwaikwayo, da na rawa, da wasannin guje-guje da kurket. Suna da jaridunsu da suke bugawa da kansu, wasu na adabi, wasu kuwa na zambo da habaici, inda ba a ƙyale malami ba balle ɗan'uwa ɗalibi. Mata da yake ba su da yawa, su suka fi shan wannan habaici. A 1952 wasu samari bakwai, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa wata ƙungiya mai suna Pyrates, da niyyar yaƙar girman kai da ƙabilanci a tsakanin ɗalibai. Bayan shekaru aka yi ta ɓallewa ana kafa wasu ƙungiyoyi masu kwaikwayonta, har abin ya rikiɗe ya zama ƙungiyoyin asirin nan masu zub da jini da suka addabi jami'o'in ƙasar nan, waɗanda ke cikin abin da ke sa iyaye fargaba har yau.

Tun a lokacin ma ba kowa ne ya yarda da wannan gata ba. Jaridun 'yan kishin ƙasa sun yi ta sukar kwalejin, suna cewa ana kashe kuɗi masu yawa a kan yara 'yan ƙalilan, ana koya musu Latin da tarihin Girka, alhali ƙasa na neman injiniyoyi da malaman gona. Sai wajen lokacin samun 'yancin kai a 1960 ne yawan ɗalibai ya kai dubu, a ƙasa mai miliyoyin mutane.

Ɗalibai da hukuma

Gata bai hana su tada ƙayar baya ba. A 1956 aka kafa Ƙungiyar Ɗaliban Nijeriya ta Ƙasa, kuma 'yan Ibadan ne ƙashin bayanta. A 1957 hukumar kwalejin ta kewaye gidajen kwana da waya don hana shige da fice ba bisa ƙa'ida ba. Ɗalibai suka ce su ba namun daji ba ne da za a sa a keji, suka datse wayar, aka rufe makaranta aka kore su gida na ɗan lokaci.

Babban abin da ya fito da su fili ya faru ne a watan Nuwamba na 1960, bayan an sauke tutar Ingila. Gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda ɗalibai suka ga kamar Bature ya fita ta ƙofa ne zai dawo ta taga. Suka cika motoci suka nufi Ikko, suka dira a harabar majalisa. A Janairun 1962 aka soke yarjejeniyar. Tun daga nan ɗaliban jami'a suka zama wata murya da kowace gwamnati ke saurare, ko da tana jin haushi. Wannan hanya ba ta rasa jini ba. Ran 1 ga Fabrairu 1971, a wata zanga-zanga da ta samo asali daga ƙorafin abinci, harsashin 'yan sanda ya kashe wani ɗalibi mai suna Kunle Adepeju a cikin jami'ar.

Waɗanda ta yaye

In ana maganar tsofaffin ɗaliban Ibadan, marubuta ake fara ambata. Chinua Achebe ya shiga a 1948 da niyyar karatun likita, ya sauya zuwa Turanci da tarihi, ya fita a 1953. Wole Soyinka ya yi shekara biyu daga 1952 kafin ya wuce Ingila, kuma a 1986 ya zama baƙar fata na farko da ya sami kyautar Nobel ta adabi. Akwai Christopher Okigbo, da J. P. Clark, da Flora Nwapa, da Mabel Segun. A fannin lissafi akwai Grace Alele-Williams, wadda a 1985 ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Nijeriya, wato ta Benin. A tarihi akwai Ade Ajayi. A harkar jakadanci akwai Emeka Anyaoku, wanda ya riƙe sakatariyar ƙungiyar ƙasashe renon Ingila daga 1990 zuwa 2000. A siyasa akwai Bola Ige, gwamnan tsohuwar Jihar Oyo daga 1979 zuwa 1983, wanda dattawanmu suka sani sarai, kuma ya ji Hausa domin a Kaduna ya yi ƙuruciya.

Amma waɗannan su ne sanannu. Mafi yawan waɗanda kwalejin ta yaye ba su rubuta littafi ba, ofis suka shiga. Lokacin ya zo daidai da tafiyar Turawa, kujerun Di'o da Razdan da manyan sakatarori da likitocin gwamnati duk suna zama babu kowa, kuma mai digiri shi ake miƙa wa mabuɗi. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar sai ya fito yau, gobe a ba shi gida a unguwar Turawa da rancen sayen mota. Wanda ya shiga a wannan lokaci ya shiga ke nan, shi da 'ya'yansa da jikokinsa. Abin da muke nufi da rabon gado ke nan.

Akwai kuma labari mai ɗaci. Emmanuel Ifeajuna ya ciyo wa Nijeriya lambar zinariya a wasan tsalle a Kanada a 1954, har aka riƙa buga hotonsa a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta. Ya yi karatun kimiyya a Ibadan, daga baya ya shiga soja. A 1962 kwalejin ta yanke cibiya daga Landan ta zama jami'a mai cin gashin kanta, a ƙarƙashin Farfesa Kenneth Dike, ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, kuma wanda aka naɗa uban jami'a na farko shi ne Firayim Minista, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ran 15 ga Janairu 1966 Manjo Ifeajuna yana cikin waɗanda suka jagoranci juyin mulki a Ikko, daren da aka ɗauke Firayim Minista daga gidansa, ba a sake ganinsa da rai ba. Rikicin da ya biyo baya ya watsa jami'ar, malamai da ɗalibai 'yan Gabas suka koma gida, har da Dike kansa. Okigbo ya mutu a fagen yaƙi a 1967, Ifeajuna kuma hukumar Biyafara ta harbe shi a wannan shekara. Waɗanda suka ci abinci a tebur ɗaya suka wayi gari suna harbin juna. Allah ya kiyaye mu da maimaita irin wannan.

'Yan Arewa a Ibadan

'Yan Arewa a kwalejin ba su da yawa ko kaɗan, ana iya ƙirga su a zauren cin abinci. Dalili a fili yake: Lardin Arewa duk faɗinsa makarantun sakandarensa 'yan ƙalilan ne, babbarsu ita ce kwalejin da aka fara a Katsina, ta koma Kaduna, ta zauna a Zariya, wadda muka sani da Barewa. Amma 'yan kaɗan ɗin da suka zo sun bar suna.

Ishaya Audu, mutumin Anchau wanda ya yi karatu a Wusasa, yana cikin ɗaliban shekarar farko. Ya ƙarasa likitanci a Landan, ya zama likitan Sardauna, kuma daga 1966 zuwa 1975 shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Umaru Shehu na Maiduguri shi ma ya shiga a 1948, ya ƙarasa a Liverpool, ya zama farfesan kiwon lafiyar al'umma, har ya shugabanci Jami'ar Nsukka. Iya Abubakar daga Belel ta ƙasar Adamawa ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi, ya yi digirin dakta a Kambirij, ya gaji Ishaya Audu a Zariya a 1975. Adamu Ciroma na Potiskum ya karanta tarihi ya fita a 1961, ya yi editan jaridar New Nigerian, ya yi gwamnan Babban Banki daga 1975 zuwa 1977. Jibril Aminu na Song ya gama likitanci a 1965, ya shugabanci Jami'ar Maiduguri, ya yi ministan ilmi, ya yi na man fetur. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a cikinsu, Allah ya sa sun huta.

Kujerar uban jami'a ma ba ta yi nisa da Arewa ba. Bayan Tafawa Ɓalewa, Sa Kashim Ibrahim ya riƙe ta, haka Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, haka Sarkin Musulmi Alhaji Sa'ad Abubakar.

To, mai karatu, a sake duba garuruwan nan: Anchau, Maiduguri, Belel, Potiskum, Song. Kowanne tafiyar ɗaruruwan mil ce, wasunsu kwana da kwanaki a mota kafin ma a kai ga tashar jirgin ƙasa. Duk cikin mutanen nan biyar babu haifaffen Sabo. Na nesa sun zo sun ɗiba, na bakin rijiya fa? Za mu dawo kan wannan tambaya, amma akwai wani abu na kwalejin da ya kamata mu fara sani.

Tarihinmu a laburarensu

Lokacin da aka buɗe kwalejin, abin da ake kira tarihi shi ne labarin Turawa, har da labarin abin da Turawa suka yi a Afirka. Dike da abokan aikinsa su suka tsaya kai da fata cewa baƙar fata na da tarihin kansa, kuma za a iya rubuta shi da hujja. Dike ne ya assasa gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Ibadan a 1954. Da aka tashi neman hujja a rubuce, ina aka dosa? Wajen malamanmu. Tun a shekarun 1950 wani ma'aikacin laburaren kwalejin mai suna Kensdale ya shiga tattara littattafan Larabci na hannu, na Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da sauransu, yana jera sunayensu. Wani malamin tarihi, H. F. C. Smith, ya riƙa jan hankalin ɗalibai zuwa ga jihadin ƙarni na 19. Shi ne ya koma Zariya a 1962, ya musulunta, aka san shi da Abdullahi Smith. Ɗalibinsa Murray Last ya je Sakkwato ya zauna gaban Waziri Junaidu, ya sami digirin dakta a Ibadan a 1964, littafinsa kan Daular Sakkwato ya fito a 1967. John Hunwick kuma ya kafa cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci a jami'ar. Wani Bayarabe, R. A. Adeleye, shi ma a nan ya yi bincikensa kan yadda daular ta yi hulɗa da maƙwabta da Turawa har zuwa faɗuwarta.

Abin nufi, irin littattafan da malaman zaure ke karantarwa a Sabo bayan sallar asuba, su ne wasu ke karantawa a can bayan Sango suna zama farfesoshi. Ilmin na gidanmu ne, amma takardar shaida a hannun wasu take.

Sabo a wancan zamani

An kafa Sabo a 1916, wato ta girmi kwalejin da shekara 32. Daga 1962 zuwa 1963, daidai lokacin da kwalejin ke zama jami'a, wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna yana nazarin unguwarmu, ya wallafa littafi a kai a 1969. Ya tarar da mutum dubu huɗu da 'yan kai, waɗanda suka riƙe manyan sana'o'i biyu na tsakanin Arewa da Kurmi: shanu su gangaro, goro ya hau. Ya bayyana yadda maigida ke saukar da fatake, ya ba su masauki da abinci, ya haɗa su da dillalai, ya tsaya musu a kan bashin da mahautan gari ke ɗauka, duk ba takarda ba sa hannu, sai amana. Ya kuma lura da cewa karatun boko bai dami mutanen unguwar ba.

Kada mu yi saurin ganin baiken iyayenmu, domin suna da hujjojinsu. Na farko, sana'ar na ci. Yaron da ya tashi a gaban maigida ya iya kara ko ya iya huhun goro, zai yi aure ya yi gida ya je Makka tun sa'ansa ɗan boko na fama da jarrabawa. Na biyu, yawancin makarantun garin a lokacin na mishan ne, kuma uba na tsoron ya kai Musa ya dawo da wani suna. Na uku, kuma wannan shi ne babba, ɗan Sabo ya faɗa tsakanin gwamnatoci biyu. Su Iya Abubakar tsani suka taka: elementare, midil, kwaleji, sa'an nan gwamnatin Arewa ta biya musu kuɗin karatu, domin Sardauna na neman 'yan Arewa da za su riƙe ofisoshin Kaduna ido rufe. Wannan tsani ta hannun En'e da hakimai yake bi, ɗan Sabo kuwa ba ya cikin littafin kowane hakimi. A nan Yamma kuma, ko da yake gwamnatin Awolowo ta fara ba da ilmin firamare kyauta a Janairun 1955, ana kallonsa a matsayin baƙo wanda gobe zai koma garinsu. Shi ma kansa haka yake kallon kansa, ko da kuwa a nan aka yanke cibiyar ubansa.

Sai dai akwai abin dubawa a wajen maƙwabtanmu Yarabawa Musulmi. Su ma sun ji tsoron makarantar mishan kamar yadda muka ji. Abin da suka yi shi ne suka kafa ƙungiyoyi, irin su Ansar-Ud-Deen da aka fara a Ikko a 1923, suka yi karo-karo suka gina makarantunsu, inda yaro zai koyi boko bai bar sallarsa ba. Jikokin waɗannan mutane su ne alƙalai da likitoci da farfesoshin da muke gaisarwa yau a masallacin jami'a.

Abin da ya rage gare mu

Zamanin ɗaki ɗaya ɗalibi ɗaya ya wuce, zamanin da digiri ke zuwa da mabuɗin mota shi ma ya wuce. Amma zamanin da amana kaɗai ke riƙe kasuwa ba tare da takarda ba, shi ma ai ya wuce. Yau fili sai da takarda, rumfa sai da takarda, haraji da banki da kotu duk takarda. Da rikicin kasuwar Shasha ya auku a Fabrairun 2021, aka yi asarar rayuka da dukiya, kowa ya ga irin mutanen da ake nema a rana irin wannan: lauya, likita, ɗan jarida, da wanda zai zauna da hukuma ya yi magana da harshenta. Irin waɗannan ba a sayo su a kasuwa ranar da wuta ta tashi, shekara ashirin ake yi ana renonsu.

Alhamdu lillahi, yanzu muna da 'ya'ya maza da mata da suka shiga UI da sauran manyan makarantu suka fito, kuma suna da abin da su Jibril Aminu ba su zo da shi ba, wato Yarabanci kamar 'yan gari, ga Hausa, ga Turanci. Amma tsohuwar matsalar nan ta faɗawa tsakani ba ta mutu ba, riga kawai ta sauya. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilmi. Kashi biyun ƙarshe duka da takardar asalin jiha suke aiki, haka ma tallafin karatu na jihohi. Yaron da aka haifa a Sabo ko Ojoo ko Bodija, in ba a tashi tsaye an nema masa wannan takarda da wuri ba, sai ranar cike fom a fara guje-guje, nan a ce ba ɗan nan ba ne, can a ce ba a san shi ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin wannan ƙungiya da masu hannu da shuni da su duba abubuwa huɗu. A tattara sunayen duk 'ya'yanmu da suka yi karatu mai zurfi, a san inda suke, a riƙa gayyato su suna yi wa ƙannensu bayani. A kafa asusu, ko da kuɗin huhun goro ɗaya ne daga kowane maigida a shekara, don biyan kuɗin jarrabawa da na rajista ga yaran da ke da kai amma babu hali. A sa wani kwamiti ya riƙa bin maganar takardun haihuwa da na asali tun yaro na firamare. Sa'an nan a bar 'ya'ya mata su ƙarasa, domin duk wanda ya taɓa kai iyalinsa asibiti ya san darajar ya tarar da likita mace mai jin harshensa. Ba mu ce a bar allo ba, ba mu ce a bar kasuwa ba. Waziri Junaidu bai bar zaurensa ba, masu digiri ne suka zo suka durƙusa a gabansa. Cewa muka yi a haɗa, yadda maƙwabtanmu suka haɗa.

Masu iya magana sun ce, zuwa da kai ya fi saƙo. Duk uban da bai taɓa shiga jami'ar nan ba sai don kallon namun daji, in sallah ta zagayo ya kama hannun yaronsa, bayan an gama kallo su ƙarasa gaban gidan Sultan Bello, ya karanta masa sunan da ke jikin bango, ya gaya masa ko wane ne mai sunan.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana wannan unguwa, ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilmi mai amfani, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.